Tsakanin Fari Da Fari: Abin Da Amsa-Kuwwa Ta Koya Mini

A ƙarshen shekarar 2019 aka gayyace ni wani taron zumunci na dangin mahaifiyata, inda aka shirya cewa wani dattijo, wanda shi kaɗai ya rage cikin tsararrakinsa, zai ba da tarihin yadda kakanninmu suka baro garinsu na asali suka yi ƙaura zuwa inda zuriyarsu take zaune a yau. Da yake tattara maganar mutane aikina ne, sai na tafi da 'yar na'urata ta ɗaukar magana, na roƙi yaron da aka ɗauko hayarsa da kayan lasifika ya bar ni in jona ta kai tsaye a jikin akwatin da yake haɗa sauti, domin kada hayaniyar jama'a ta shiga. Ya amince. Abin da ban lura da shi ba shi ne ya murɗa maɓallin nan da masu lasifika suke kira eko ya kai shi can sama, kamar yadda aka saba yi a wuraren biki da na wa'azi. Dattijo ya yi magana ta kusan awa guda. Bayan wata huɗu Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.

Da na zauna rubuta abin da ya faɗa, sai na tarar kowace kalma tana bin kanta da kanta har sau biyar ko shida, tana hawa kan wadda ta biyo ta. Da haƙuri na tsamo mafi yawan bayanin, amma na cije a wuri guda. Dattijon ya ce mahaifinsa ya baro gari a "shekarar fari". A rubutunmu na yau da kullum kalmar guda ce, amma a baki biyu ce. Akwai fari na rashin ruwan sama, mai gajeren wasali a gaɓar farko, wanda karinsa yake farawa sama ya sauko ƙasa. Akwai kuma fari, jam'in fara, mai dogon wasali, wanda yake farawa ƙasa ya hau sama. In na farko ne, hankali zai tafi ga fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba. In na biyu ne, to, sai a dubi farkon shekarun 1930, lokacin da fari suka addabi ƙasashen nan namu. Kusan shekara ashirin ke nan na tarihin zuriya guda suka rataya a kan tsawon wasali ɗaya. Na kunna wa abokan aikina uku, dukkansu masana tsarin sauti, biyu suka ce wannan, ɗaya ya ce wancan.

Wannan matsala ce ta kai ni, ina malamin kimiyyar harshe da furfura ta fara bayyana a gemunsa, na zauna gaban ɗan 'yar'uwata mai karatun injiniya a lokacin kullen annobar korona na 2020, ina koyon yadda ake rubuta amsa-kuwwa da harshen kwamfuta. Gemu dai ba ya hana ilimi. Da ya saurari faifan, cewa ya yi, "Kawu, ai wannan lissafi ne aka yi wa muryar Baba. In ka iya rubuta lissafin da kanka, wataƙila ka iya warware shi." Abin da na koya a wannan zama nake son in gutsura wa mai karatu, domin na ga yana da alaƙa da sana'ata fiye da yadda na zata, yana kuma da alaƙa da yadda muke wasa da muryoyin manyanmu.

Daga dutse zuwa kaset

Duk wanda ya taɓa yin kuwwa a gindin dutse ya san amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa guda idan zafin iska yana kan digiri 20, a tsakiyar bazararmu kuwa, da zafi ke kai wa digiri 40, yakan kai mita 355. Saboda haka idan bango yana nesa da kai da mita 17, muryarka za ta je ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kunne ya ji ta a matsayin murya ta biyu. Idan kuwa bango biyu ne suke fuskantar juna, sautin zai riƙa kai da komo tsakaninsu, kowace tafiya yana raguwa, har ya ɓace. Wannan na biyu shi ne abin da ya shafe mu, wato amsa-kuwwar da take haifar wata amsa-kuwwar.

Tun kafin kwamfuta, masu ɗaukar waƙa sun gano yadda za su ƙirƙiro ta ba tare da dutse ba. Na'urar tef tana da kai biyu, ɗaya mai rubutawa ɗaya mai karantawa, da 'yar tazara a tsakaninsu, don haka abin da aka ɗauka yakan fito bayan ɗan jinkiri. Da wannan dabara Sam Phillips ya yi wa muryar Elvis Presley ado a birnin Memphis na Amurka a 1954. Idan aka ɗauki abin da ya fito daga kai mai karantawa aka sake mayar da shi ga kai mai rubutawa, sai sautin ya riƙa maimaita kansa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urarsa mai suna Space Echo a 1974, su King Tubby da Lee Perry a Jamaika kuma suka mayar da irin wannan maimaici wani salon kiɗa mai zaman kansa. Maɓallin da yaron nan ya murɗa a taronmu jikan waɗannan na'urori ne, sai dai shi da lissafi yake aiki, babu tef a cikinsa.

Harsunan da ake rubuta sauti da su

A shekarar 1957 wani injiniya mai suna Max Mathews, a cibiyar bincike ta kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya rubuta manhajar da ya kira MUSIC, wadda ta sa kwamfutar IBM 704 ta lissafa wani ɗan kiɗa mai tsawon daƙiƙa 17. Zuwa 1960 ya shigo da tunanin da har yau ake tafiya a kansa, wato a tanadi ƙananan tubala, wannan mai haifar da sauti, wancan mai tace shi, wani mai jinkirta shi, sa'an nan a ba marubuci nahawun da zai jona su yadda ya ga dama. Daga wannan tsatso Csound ta fito, wadda Barry Vercoe ya rubuta a cibiyar MIT a tsakiyar shekarun 1980. A 1996 James McCartney ya fitar da SuperCollider, a daidai wannan lokaci kuma Miller Puckette ya fara Pure Data. A 2002 masu bincike a cibiyar GRAME da ke birnin Liyon na Faransa suka fara Faust. Dukkan waɗannan huɗun kyauta ake samunsu a intanet, kuma suna aiki a kan kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ɗalibanmu suke riƙewa.

Ga kwamfuta, sauti jerin lambobi ne. Tana auna motsin iska sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda shi ne awon da aka tsayar wa faifan CD, kowane awo kuma lamba ce guda, wadda zan kira ƙwaya. Jinkirta sauti na rabin daƙiƙa yana nufin a ajiye ƙwaya 22,050 a jira. Ɗana ya kwatanta mini abin da ƙoƙuna 22,050 da aka jera a da'ira, da mutum guda yana zagayawa. Duk ƙoƙon da ya iso, sai ya kwashe tsohuwar ƙwayar da ke ciki ya miƙa wa lasifika, ya zuba sabuwa, ya wuce na gaba. Kafin ya sake dawowa kan wannan ƙoƙon, rabin daƙiƙa ta cika. Idan sabuwar ƙwaya kaɗai yake zubawa, amsa-kuwwa ɗaya tak za a ji. Idan kuwa ya haɗa sabuwar da rabin tsohuwar da ya kwaso ya zuba su tare, to, ya ƙulla zagaye, abin da ya fita ya zama wani ɓangare na abin da zai shiga.

Jimla guda, amsa ba iyaka

Ga yadda ake rubuta wannan a harshen Faust:

process = + ~ (@(22050) : *(0.5));

Kada mai karatu ya tsorata, jimla ce kamar kowace, tana kuma feɗuwa. Alamar tarawa tana cewa a haɗa abubuwa biyu. Lamba 22050 da alamar da ke gabanta suna cewa a jinkirta da ƙwaya kaza. Ɗigo biyun nan na tsakiya suna nufin "sa'an nan". Tauraro da 0.5 suna cewa a rage zuwa rabi. 'Yar lanƙwasar nan kuwa da ke bayan alamar tarawa ita ce uwar tafiyar, domin ita ke cewa a ɗauki abin da ya fito daga tarawar, a bi da shi ta cikin abin da ke cikin baka, a dawo da shi ya zama ɗaya daga cikin abubuwa biyun da za a tara. Da Hausa: abin da zai fita yanzu shi ne abin da ya shigo yanzu, haɗe da rabin abin da ya fita rabin daƙiƙa da ta wuce.

A nan ne na ji kamar na shigo gida. A cikin shekarar nan ta 1957 da Mathews ya sa kwamfuta kiɗa, Noam Chomsky ya wallafa ɗan littafinsa Syntactic Structures, wanda ya kafa hujja da cewa nahawu ƙa'idoji ne ƙidayayyu da suke haifar da jimloli marasa iyaka, saboda akwai ƙa'idar da take iya kiran kanta. Bahaushe yana yin wannan kullum da ɗan -n ko -r da yake liƙa wa suna: gidan liman, gidan ƙanen liman, gidan surukin ƙanen liman, gidan maƙwabcin surukin ƙanen liman. Ƙa'ida ɗaya ce, abin da ta haifa ake sake miƙa mata. A 2002 Chomsky da Marc Hauser da Tecumseh Fitch suka rubuta a mujallar Science cewa mai yiwuwa wannan ce kaɗai siffar da ta keɓanta da harshen ɗan Adam, a 2005 kuma Daniel Everett ya musanta, da hujjar harshen Piraha na ƙasar Brazil. Na shekara fiye da goma ina karantar da wannan muhawara a kan allo, amma ban taɓa jin ƙa'ida mai kiran kanta da kunnena ba sai ranar da na tafa hannu sau ɗaya gaban makirufo, layin nan guda ya mayar mini da tafi goma.

Me ya sa goma? Domin kowane zagaye yana raba ƙarfin sautin biyu: rabi, rubu'i, sumuni, haka har zagaye na goma, inda ya rage kashi ɗaya cikin 1,024. Masana sauti sun ɗauki raguwa zuwa kashi ɗaya cikin dubu, wato desibel 60, a matsayin mutuwar sauti. Da 0.5 ke nan sautin zai mutu cikin daƙiƙa biyar. Idan aka mayar da lambar 0.9, sai an yi zagaye 66. Wanda bai san zagaye ba, sai ya jera layin jinkiri 66 kafin ya sami abin da wannan jimla guda ta ba shi.

Ranar da na manta da ɗigo

Duk zaman lafiyar wannan tsari ya dogara ne a kan sharaɗi guda, wato lambar nan ta kasance ƙasa da ɗaya. Idan ɗaya ce cif, sautin ba zai taɓa mutuwa ba, duk abin da aka ƙara faɗa kuma zai taru a kansa. Idan ta haura ɗaya ko da kaɗan ne, sai ya riƙa girma. A ce 1.1 ce, jinkirin kuma kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, cikin daƙiƙa guda sautin zai ninka fiye da sau 13,000. Ƙarar nan mai huda kunne da ake ji idan mai jawabi ya matso da makirufo kusa da lasifika ita ce wannan, sai dai a can iskar ɗaki ce take ƙulla zagayen.

Ni da kaina na ɗanɗana. Wata rana da dare, ina sanye da lasifikar kunne don kada in tashi yara, na rubuta 5 a inda ya kamata in rubuta 0.5. Na yi gyaran murya kawai. Bayan zagaye biyar, wato daƙiƙa biyu da rabi, lissafin ya ninka wannan gyaran murya sau 3,125, na'urar ta kai iyakar ƙarfinta tana kururuwa. Kafin in fizge wayar, uwargida ta fito da salati. Kwana biyu kunnena na dama yana ƙugi. Tun daga ranar nake bin ƙa'ida biyu da ɗana ya gindaya mini: ba a gwada sabon zagaye da lasifikar kunne, kuma a ƙarshen kowane rubutu ana sa tubalin da ke hana sauti wuce wani ƙarfi.

Sharaɗi na biyu ya fi ban sha'awa ga mai nazarin ma'ana. Dole ne a sami jinkiri a cikin zagayen, ko da na ƙwaya ɗaya ne. In babu, sai jimlar ta zama "abin da zai fita yanzu shi ne abin da ya shigo, haɗe da rabin abin da zai fita yanzu", kamar ƙamus ɗin da ka duba kalmar tafiya ya ce maka "yin tafiya". Kwamfuta ba za ta iya fara lissafin ba, domin tana buƙatar amsa kafin ta nemo amsa. Saboda haka ne lanƙwasar nan ta Faust take saka jinkirin ƙwaya ɗaya da kanta, ko ba a tambaye ta ba. Jinkirin jimlarmu ta sama ke nan 22,051 ne, wanda yake son 22,050 daidai sai ya rubuta 22049.

SuperCollider da Pure Data kuwa dami-dami suke aiki, domin sauƙaƙa wa kwamfuta. Kowane tubali yakan gama ƙwaya 64 kafin ya miƙa wa na gaba. Sakamakon haka, zagayen da aka ƙulla da tubala daban-daban ba zai gaza dami guda ba, wato kimanin kashi ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa. A SuperCollider, wanda ya mayar da sauti baya ta hanyar tubalan LocalOut da LocalIn zai tarar jinkirinsa ya ƙaru da dami guda, sai ya cire shi daga lissafinsa. A Pure Data da Csound akwai hanyar rage damin zuwa ƙwaya ɗaya a cikin wani sashe na rubutun, amma kwamfuta za ta ƙara shan wahala. Ga mai neman amsa-kuwwar rabin daƙiƙa, wannan ƙari ba abin damuwa ba ne. Ga mai neman abin da ke tafe kuwa, shi ne komai.

Idan jinkiri ya gajarta

Idan aka yi ta rage jinkirin, akwai inda kunne zai daina rarrabe maimaicin. Da zarar ya haura sau ashirin a daƙiƙa, sai ya koma amo mai kari, yana ƙara siranta gwargwadon gajartar zagayen. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa wata dabara da ta ginu a kan wannan. A cika ƙoƙo 100 da lambobin da aka zaɓo barkatai, waɗanda in an saurare su shuu kawai za a ji, a riƙa zagayawa da su, a kowane zagaye kuma a maye gurbin kowace ƙwaya da matsakaicin ta da maƙwabciyarta. Abin da zai fito shi ne amon tsirkiya da aka taɓa, mai kaɗawa kusan sau 440 a daƙiƙa, wanda yake farawa da kaifi ya riƙa laushi har ya mutu, domin ɗaukar matsakaici yana cinye siraran amo kafin masu kauri, kamar yadda tsirkiyar gaske take yi. Da na gwada, na rantse da gurmi ne ake taɓawa a ɗaki na gaba. A nan ne matsalar dami take bayyana, domin zagayen da ba zai gaza ƙwaya 64 ba, ba zai iya ba da amon da ya wuce kaɗawa 689 a daƙiƙa ba.

Mu ma da irin wannan zagaye muke magana. Daga tantanin maƙwallato zuwa leɓɓan babban mutum akwai bututu mai tsawon kimanin santimita 17. Sauti yana zuwa bakin leɓe, wani kaso ya fita, wani ya koma ciki, ya sake dawowa, kowane kai da komo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wannan ne yake ƙarfafa amon da ke kusa da kaɗawa 500 da 1,500 da 2,500 idan bututun yana sake, motsin harshe da leɓɓa kuma yana gusar da su, mu ji bambancin a da i da u. Gunnar Fant na ƙasar Suwidin ya shimfiɗa wannan nazari a littafinsa na 1960, John Kelly da Carol Lochbaum kuma, a cibiyar Bell ɗin nan, suka kwaikwayi bututun da jerin gajerun layukan jinkiri masu mayar wa juna sauti, har kwamfuta ta rera waƙa a 1961.

Ɗaki ma haka ne. A 1895 aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca da kalma take ɗaukar fiye da daƙiƙa biyar kafin ta mutu a cikinsa, har ɗalibai ba sa fahimtar malami. Ya yi ta jigilar matasan kujeru cikin dare yana auna yadda suke shanye amo, daga nan aka sami awon da ake amfani da shi har yau. A 1962 Manfred Schroeder ya nuna yadda za a kwaikwayi amon zaure da zagaye huɗu masu jinkiri mabambanta, tsakanin kashi 30 zuwa 45 cikin dubu na daƙiƙa, da wasu biyu a bayansu masu tarwatsa amsoshin su yi yawa har kunne ya kasa ƙirga su.

Komawa ga muryar dattijo

Da na fahimci jimlar, sai maganar ɗana ta fito fili. Idan abin da ya fita shi ne abin da ya shigo haɗe da wani kaso na abin da ya fita a baya, to, abin da ya shigo shi ne abin da ya fita, a debe wannan kason na baya. Abu biyu kawai nake buƙata: tsawon jinkirin da girman kason. Sa'ar da na yi ita ce ɗabi'ar nan ta masu gabatarwa ta ƙwanƙwasa makirufo kafin su fara magana. A farkon faifan akwai ƙwanƙwasa guda, da 'ya'yanta jere a bayanta. Na buɗe ta a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta, wadda kowane mai nazarin furuci ya sani. Tazarar ta kai kimanin kashi 19 cikin ɗari na daƙiƙa, kowace amsa kuma kusan kashi shida cikin goma na wadda ta gabace ta.

Aikin bai zo da sauƙin da lissafin ya nuna ba. Sai da na yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya a kewayen ƙwaya 8,379, domin kuskure kaɗan yakan ƙara amsa maimakon ya rage. Akwatin kuma yana dusashe kowace amsa kafin ya mayar da ita, sai da na sa rariyar da take kwaikwayon wannan dusashewar. Bayan mako uku amsa-kuwwar ta ja baya, ta zama kamar inuwa. Na je wurin kalmar nan na saurara, na kuma auna. Wasalin dogo ne, karin ya fara ƙasa ya hau sama. Fari ne masu cin amfanin gona suka taso kakanninmu. Da a ce daga iskar filin taron na ɗauki maganar, inda amon bango da na lasifika huɗu suka cakuɗa, da wannan lissafi mai sauƙi bai fisshe ni ba.

Abin da nake son a duba

Tazarar nan ta kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, wadda masu lasifika suke ƙauna, ita ce kusan tsawon gaɓa guda a magana ta yau da kullum. Ma'ana, amsar kowace gaɓa tana sauka ne a kan gaɓar da ta biyo ta. A harshe irin namu, da tsawon wasali yake raba gari na mazauna da gari na tuwo, nauyin baƙi yake raba mana da manna, kari kuma yake raba wuya na jiki da wuya ta wahala, wannan ɓarna ce ga ma'ana kai tsaye. Shi kansa mai magana ba ya tsira. Tun 1950 Bernard Lee ya nuna cewa idan mutum yana jin muryarsa tana dawo masa bayan irin wannan jinkiri, yakan fara in'ina ko da lafiyarsa ƙalau, har wasu masu bincike biyu na Japan suka ƙera na'urar katse mai surutu da wannan dabara, aka ba su lambar yabo ta barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Sau nawa muka ga malami mai fasaha yana sarƙewa a kan mumbari, muka ɗora laifin a kan tsufa ko gajiya?

Ba na jayayya da mawaƙa, domin a waƙa amsa-kuwwa ado ce, kuma su suka san sana'arsu. Amma ina kira ga kwamitocin masallatai, da masu shirya tafsiri da lacca da tarukan tarihi, su umarci mai kula da na'ura ya kashe wannan maɓalli idan magana za a yi. Ginin siminti da tayil ya riga ya ba da amon da ya isa, har ya yi yawa. Wanda kuma zai ɗauki muryar wani dattijo domin ajiya, ya sa makirufo na dabam kusa da bakinsa. Ana iya ƙara amsa-kuwwa a kan murya tsabtatacciya cikin minti guda, amma cire ta ya ci mini mako uku, da sa'a a kai.

Kira na biyu ga abokan aikina ne a sassan harsuna da kimiyyar harshe na jami'o'inmu. Muna yaye ɗalibai da suka haddace sunayen gaɓoɓin furuci, amma ba su taɓa gina wasali guda da hannunsu ba. Harsunan nan kyauta ne, nahawunsu bai kai na Larabci ko na Fulatanci wuya ba, wanda kuma ya iya feɗe jimla zai iya karanta su. Zango guda ya isa ɗalibi ya rubuta amsa-kuwwa, ya mayar da ita tsirkiya, ya mayar da tsirkiyar wasali. A ɗakunan ajiya na gidajen rediyonmu da cibiyoyin nazarin harsuna akwai kaset-kaset na mawaƙa da malamai da masu ba da tarihi da suke jiran wanda ya san Hausa ya kuma san lissafin sauti. Idan ba mu horar da irin wannan mutum ba, ba na jin wani zai horar mana da shi.

A taron zumunci na 2022 na kunna wa dangi faifan da aka gyara. Da aka zo wurin ƙaura, wata gwaggona da ta haura tamanin ta ce ita ma ta taɓa jin kakarta tana ba da labarin shekarar da aka ci fara har aka gaji da ita. Ban gaya mata makonnin da na yi ina neman wannan kalma ba. Na dai je wurin yaron lasifika tun kafin a buɗe taro da addu'a, na tsaya a kansa har ya mayar da maɓallin sifili. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.